Falle Mai Yagaggen Kunne

Jiya na ji ku a gindin tsamiya. Kun ɗauka kunnena ya tsufa tare da idona, to bai tsufa ba. Ɗayanku ya ce a duniya babu sana'ar da ta kai ta malamin zaure daɗi: mutum ya shimfiɗa buzu, ya miƙe ƙafa, ya yi ta fassara abin da wani ya riga ya sha wahalar rubutawa, kaka ta yi a kawo masa dami har ƙofar gida. Sauran kuka yi dariya. Ban ji haushi ba, don ni ma da wannan tunanin na shigo aikin. Amma tun da ku ukun nan kowa na shirin komawa garinsu ya buɗe nasa zauren, gara ku ji labarin daga bakin wanda ya cinye buzu huɗu a kai.

Kayan aikin kun san su, halinsu ne ba ku sani ba. Littafinmu ba ɗinkakke ba ne. Fallaye ne a jere, a sa su tsakanin fata biyu masu tauri, a ɗaure da igiya, a zura cikin gafaka. Iska ba ta ƙaunarsa, akuya na ƙaunarsa fiye da kima, gara kuma ba ta sallama in za ta shigo. Na taɓa bin fallayen babin rabon gado da gudu har bakin marina, rawani a hannu, don na kwance littafi a ƙofar zaure guguwa na wucewa. Takarda kuwa sai fatake sun dawo daga Kano, kuma ba kowace tafiya suke tunawa da mu ba, shi ya sa kuke ganin rubutun mutanen da ƙanana kamar ƙwayar gero. Tawadar takarda ba irin ta allo ba ce da ake wankewa. Sai ka dafa bagaruwa da kashin maƙera, ka tace, ka sa ƙaro, ka bar ta ta kwana uku. In ka yi gaggawa, bayan shekara biyu ka buɗe littafi ka tarar rubutun ya tafi ya bar maka farar takarda. Alƙalami karan gamba ne, ka fiƙe abinka da kanka, ka kuma ɓoye wuƙar, don ranar da ta shiga hannun matan gida ta gama fiƙe alƙalami.

Ranar da na fara zuwa zauren Malam Jibo a Ƙarfi ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na yi sauka, ina ganin babu kamata a ƙasar nan. Na sa sabuwar riga, na kutsa na zauna dab da shi, na kwance littafi. Ko kallona bai yi ba. Ya nuna wani mahauci da ke can bakin ƙofa yana warin kitse, ya ce shi ya riga kowa ajiye gafaka. Haka ƙa'idar take: wanda ya fara ajiye littafinsa a kan tabarma shi ke fara karatu, ko ɗan wa ke bayansa. Mahaucin nan ya ja layi biyu tsawon lokacin da za a dafa wake, ya ce nan zai tsaya, ya tashi ya tafi fiɗar akuyarsa. Ni da sabuwar rigata sai da rana ta kusa kaiwa tsaka aka zo kaina.

Shekara tara na yi a wurinsa, ban taɓa ganin ya zaɓa wa wani littafi ba. Kai za ka zo da abin da kake son sani. Kai za ka karanta Larabcin, shi ya fassara maka gaɓa-gaɓa, kana cewa na'am. In ba ka ji ba, ka ce a maimaita, ko sau nawa ne. In ka ƙoshi, ka ce nan za ka tsaya, babu mai ce maka ƙara layi ɗaya. In ka ji wani malami ya fi shi sanin wani fanni, ɗauki gafakarka ka kama hanya, shi da kansa zai gaya maka gidan da za ka sauka. Har gardama yana so, in dai da takarda a hannunka. Abu ɗaya ne ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Abin da ke cikin fallen da ɗalibi ya buɗe, shi za ka faɗa, kada ka ƙara gishiri, kada ka tsame nama. Yakan ce littafin na ɗalibi ne, baki kawai ne namu. A lokacin na ɗauka duk cikin abin da ya koya mini wannan ne mafi sauƙi.

Garin nan Maigari ne ya kawo ni, ba wannan na yanzu ba, kakansa. Abin ya dame shi a ce garinsa na da ganuwa da kasuwa da marina, amma mai son sanin abin da ke karya alwala sai ya taka har Bakori. Ya gina mini wannan zauren, ya kuma ba ni aron gona a fadama, inda ruwa ke kusa, kana tona 'yar rijiya kana ban ruwa da rani. Ku riƙe kalmar aro, za mu dawo kanta. Albasa nake shukawa. Da ita na yi aure, da ita nake sayen takarda, kuma uwargidana Hajo ta san kowane fangali a gonar fiye da yadda na san babin sallah.

Shi kansa Maigari ya yi shekara biyu yana ɗaukar karatu a hannuna, littafin fiƙihun nan da kowa ke farawa da shi. Yana bin layi kamar kowa, sai dai tun da sassafe yakan aiko baransa Gajere ya ajiye masa gafaka, abin da har yau ban ga hukuncinsa a takarda ba. Allah ya ba shi sarauta, bai haɗa masa da riƙe karatu ba. Abin da aka zuba yau, gobe ya tsiyaye. Duk da haka ya kai ƙarshen littafin, aka yanka rago, ya riƙa gaya wa baƙi cewa shi ma ɗalibi ne.

Masu zuwa kuwa iri-iri ne, kuma duk masu gemu ne, ba yaran da za ka ɗaga wa bulala ba. Akwai marinin da duk fallen da ya taɓa sai ya bar masa shuɗin yatsa, har ta haka muke gane inda ya tsaya. Akwai falken da ke karanta layi uku, ya tafi Zazzau wata biyu, ya dawo ya rantse ba a taɓa yi masa wannan wurin ba. Akwai wani tsoho da ya shekara bakwai a babin tsarki, duk ranar da na ce mu matsa gaba sai ya ce shi nan yake jin daɗi. Ba ka da ikon korar ko ɗaya. Kowa da nasa littafin, kowa da tasa tafiyar, kai ne za ka riƙa sauya kai daga gado zuwa alwala zuwa ciniki kafin goron bakinka ya mutu. Zauren kuma ba shi da ƙyaure. Mai jiran layi na saurare, mai wucewa na saurare, abin da ka fassara da hantsi kafin azahar ya isa rumfar mahauta.

Sambo ya zo mini ya haura arba'in. Bafillace ne, amma tun kakanninsa suke zaune bayan gari suna noma suna kiwo, Fillancin ma sai saniya ta ɓata masa rai yake fitowa. Ya iya karanta baƙi, ya iya kwafa, ma'ana ce sai an fassara masa. Ya ari littafina na fiƙihu ya kwafa a ruga, damina biyu yana yi. Kowane falle nasa da tarihinsa: wannan nono ya zube masa, wancan hayaƙi ya dafa shi, wani kuma maraƙi ya kama kusurwarsa ya yage. Yadda ya san shanunsa haka ya san su. Ba shi da sauri ko kaɗan. Layi uku ne abincinsa a rana, sannan ya tsare ka da tambaya har sai ya ga inda maganar ta shafi saniya. Amma bai taɓa fashi ba, kuma shekara biyar yana tafe a hankali har ya kusa ƙarshen littafin.

Sai ga mugunyar shekara. Ruwa ya ɗauke dawa na cikin bunni, abin da aka girbe bai kai a kira shi kaka ba. Ban ga dami ko ɗaya a ƙofar gidana ba, ku da kuke lissafin dami. Kafin bazara rafuka sun ƙafe, tafkuna sun tsage. Abin da ya rage mini a duniya albasar fadama ce, ita ma da ƙyar muke samun abin ban ruwa, ƙwarya-ƙwarya. Hajo ta riga ta gama lissafin hatsin da za a musanya da ita ya kai mu damina.

A dajin arewa da gari, kan burtali, akwai wata rijiya mai zurfi da mahaifin Maigari ya sa aka haƙa saboda dabbobi. Tun da aka haƙa ta kowa ke shayarwa. A wannan shekarar ita kaɗai ta rage da ruwa. Maigari ya sa aka kewaye ta da ƙaya, ya ajiye masu gadi. Shanunsa su sha da safe su ƙoshi, a ja ƙaya a rufe, alhali kafin rana ta yi tsaka ruwan ya sake tarowa. Ba zan ce mugunta ce zalla ba, tsoro yake kada ta ƙafe. Amma su Sambo sai su kora shanu tafiyar yini guda zuwa wani busasshen kogi, su yi ta tonon yashi. Maruƙa suka fara faɗuwa a hanya.

Wata ranar Laraba Gajere ya zo ya ce Maigari na kira. Na tarar da shi shi kaɗai, ya ba ni goro fari manya guda biyu, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambayi iyali, ya tambayi ɗalibai, ya tambayi inda Sambo ya kai. Na ce yana wajen maganar shaidu da haƙƙin maƙwabta. Ya gyaɗa kai ya ce ai ya sani, Gajere ya gaya masa.

"Malam, in ban manta ba, gaba kaɗan akwai wurin nan da ke maganar rijiya."

Na ce akwai, ranka shi daɗe. A raina kuwa mamaki nake. Shekara biyu ina zuba wa mutumin nan karatu yana zubewa, ashe wuri ɗaya ya maƙale, kuma shi ne wanda ya kamata ya manta. Wurin yana cewa rijiyar da aka haƙa a daji domin dabbobi, masu ita su fara shayarwa, in nasu sun ƙoshi ba su da ikon hana sauran mutane ragowar ruwan.

"Zafi ya yi yawa bana," in ji shi. "Ina ganin a bar wannan wurin ya huta sai ruwa ya sauka. Af, yaya albasa? An ce ta yi kyau."

Na gane inda ya dosa. Ba alƙali yake tsoro ba, alƙali na nesa. Bakin mutane yake tsoro, shi da ya gina zaure yake kiran kansa ɗalibi. Na fito da goro biyu a aljihu, na san kuɗinsu gona guda ne.

Ku da kuke ganin aikin zama ne, ku ji irin aikin da na yi a mako ukun da suka biyo. Da fari na ce wa Sambo shekarunsa sun kai ya ɗan ɗanɗana waƙoƙin yabon Annabi, su sanyaya masa zuciya a wannan zafin, fiƙihu ba gudu zai yi ba. Ya ce ya gode, in ya gama wannan. Shi ke da littafi, shi ke da zaɓi. Sai na koma jan ƙafa. Kalma ɗaya in kama ta in yi ta juyawa, in kawo abin da malaman gabas suka ce, in kawo na yamma, in kawo labarin wani maƙwabcin kakana. Kwana huɗu muka yi a kan katangar da ke tsakanin gida biyu. Marini ya ce bai taɓa jin ilmi ya zubo mini kamar bana ba. Sambo dai ya ce na'am, ya ɗaure littafinsa, ya tafi tonon yashi. Kullum idonsa na ƙara faɗawa, kullum muna ƙara matsawa kusa, don ko yaya ka ja layi uku sai sun ƙare.

Da ya rage falle ɗaya tsakaninmu da rijiya, sai na ce ya bar mini littafin yini guda in duba masa kurakuran kwafi. Ya miƙo da hannu biyu, har yana godiya. Da la'asar na kwance igiya, na zare fallen, na mayar da sauran yadda suke. Ban sa shi ƙarƙashin buzu ba, don akwai sunan Allah a ciki. Ɓarawo ne ni a ranar, amma ba jahili ba. Na cusa shi tsakiyar littafin nahawu, inda na tabbata babu mai leƙawa. Dabarata ita ce, tun da bai san ma'ana ba, zai gama wannan falle ya ɗauki na gaba, mu haye rijiya ba tare da kowa ya jiƙe ba.

Abin da na manta shi ne mutumin makiyayi ne. Wanda ke duban garke sau ɗaya ya san wadda ba ta dawo ba, shi na zare wa falle. Washegari ya kwance igiya, bai ko fara karatu ba, ya bi gefen fallayen da babban yatsa, ya tsaya.

"Allah shi gafarta Malam, mai yagaggen kunne ba ya nan."

Na ce wane ne kuma haka. Ya ce wanda maraƙi ya ja, nan yake kwana tsakanin mai tabon nono da mai hayaƙi. Na ce wataƙila iska ce, ko akuya, ya san halinsu. Ya ce to, ba komai, a ba shi nawa littafin ya sake kwafe wurin, tun da daga shi ya kwafa. Nan ne na yi ƙarya ta biyu, wadda ta fi ta farko wauta. Na ce nawa gara ta ci daidai wannan wurin. Ya dube ni, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya ɗaure littafinsa ya fita.

Washegari bai zo ba. Jibi ma haka. Shekara biyar ba fashi, ga shi kwana huɗu babu Sambo. Na ce shi ke nan, ya yi zuciya, ko shanu sun riƙe shi. Gajere ya wuce ya gaishe ni da fara'a. Na je fadama na duba albasa, ta fara kwantar da ganye, saura kamar mako biyu a cire. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Rana ta biyar na fito da safe na tarar da gafaka ɗaya a kan tabarma, mai ita, Sambo, na zaune a gefe, ƙafafunsa sun yi futu-futu. Ashe barin shanun ya yi a hannun 'ya'yansa, a wannan halin, ya taka har Ƙarfi wurin Malam Jibo. Ni na sha gaya musu ɗalibi na da ikon ɗaukar gafakarsa ya tafi inda ya ga dama, har nakan faɗi sunan malamina don in yi ado da shi. Ban taɓa zaton wani zai ɗauki maganar da gaske ba. Tsohon ya ba shi littafi ya kwafe fallen. Da Sambo ya ce a fassara masa, sai ya tambaye shi wa ya fara masa littafin. Da ya ji sunana, ya ce a'a, wanda ya fara shi zai ƙarasa, ya koma.

Kafin mu gama gaisawa zaure ya cika, don gari ya riga ya ji Sambo ya yi tafiyar kwana biyu saboda takarda ɗaya, kowa na son ya ji abin da ke cikinta. Marini na nan, tsohon babin tsarki na nan, har da waɗanda rabonsu da zaure tun ranar da aka yi rabon naman rago. Gajere ya jingina a bakin ƙofa yana sakace. Sambo ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihu ya ajiye a gabana. Na kwance, toka ce.

"Malam Jibo ya ce a ba ka, ka barbaɗa a inda kake ajiye littattafai. Ya kuma ce in gaya maka, shekara sittin yana ajiyar takarda, bai taɓa ganin garar da ke zaɓen babi ba."

Babu wanda ya yi dariya, sai marini da tari ya sarƙe. Na duba ko akwai wanda zan ce ya fara, amma gafaka ɗaya ce ta riga kowa, kuma duk sun gani. Na tuna fangalin albasa ɗaya bayan ɗaya. Na tuna mahaucin Ƙarfi da layinsa biyu. Tsoro nake ji ƙwarai, kuma kada wani ya gaya muku jaruntaka ce ta motsa ni. Hanya ce ta ƙare. Na ce bismilla, Sambo.

Ya karanta, na fassara. Masu rijiya su fara shayar da dabbobinsu. Ya ce na'am. Ya ja gaba, na ce in nasu sun ƙoshi, sauran mutane duk daidai suke a ragowar ruwan, ba a hana su. Na faɗe shi ƙasa-ƙasa, cikin gemu, ina fatan ya wuce. Sambo bai ce na'am ba.

"Allah shi gafarta Malam, ban ji ba. A maimaita."

Na maimaita. Ya karkata kai ya ce tafiya ta toshe masa kunne, a ƙara. Haƙƙinsa ne, ni na koya masa. Na uku sai na ga abin da zai tafi ya riga ya tafi, na buɗe murya na faɗa yadda mai tallan gishiri a bakin kasuwa zai ji. Ya dubi takardar. Sannan ya tambaya, kamar yadda ya saba, ko maganar ta haɗa da shanu. Na ce da shanu, da tumaki, da jakin mai wucewa. Ya ce na'am, nan zai tsaya. Da na ɗaga kai babu Gajere a bakin ƙofa.

Maigari bai kira ni ba, bai yi faɗa ba. Washegari Gajere ya zo ya ce Maigari na gaisuwa, kuma yana bukatar gonarsa ta fadama. Na ce a bari in cire albasa. Ya ce ai aro da abin da ke cikinsa ake mayarwa, hukuncin da ban san a wane zaure ya karanta shi ba. Bayan mako biyu ina zaune a nan jakuna suka wuce da ita, ina jin ƙamshinta. Hajo ta yi kwana goma ba ta ce mini ko sannu ba, da ta buɗe baki kuma na gwammace shirun. Na sayar da jakina da rigar da nake zuwa idi. Mun ci rama da dusa har sabon gero ya fito. Gonar ba ta dawo ba har Maigari ya rasu, magajinsa kuma ya ce bai san zancen ba.

Rijiya kuwa, kwana shida mahauta da masu awo suna yi wa juna fassara da ƙarfi duk lokacin da wani na gidan Maigari zai wuce. A rana ta bakwai aka wayi gari ƙaya ta koma gefe, masu gadi sun tafi. Babu wanda ya yi shela. Daga baya Maigari ya riƙa cewa dama niyyarsa ke nan, shi da ya karanta littafin tun kafin Sambo. Rijiyar ba ta ƙafe ba har ruwa ya sauka. Amma kafin a buɗe ta fiye da rabin garken Sambo ya tafi, kuma mafi yawansu a mako ukun nan suka faɗi, lokacin da nake zuba ilmi a kan katangar maƙwabta. Albasa na daina jin zafinta tuntuni. Wannan ne ke cina har yau.

Bai taɓa tayar mini da maganar ba. Ya ci gaba da zuwa da layinsa uku, da ruwa ya zauna kuma matarsa ta riƙa aiko wa Hajo nono. Bayan kaka ya kai ƙarshen littafin. Ba shi da ragon yankawa, fura aka dama, aka yi addu'a. Da mutane suka watse na ce ya dakata. Na ɗauko littafin nahawu, na buɗe tsakiya, na zaro fallen na miƙa masa. Ya karɓa, ya shafa wurin da maraƙin ya yage, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu.

"Bar shi a wurinka, Malam. Ni ina da sabo. Naka ne gara ta ci."

To, ɗayanku ya miƙo mini gafakar can ta bisa, baƙar nan. Ga shi, ku riƙe a hankali, kusurwar ta riga ta yage. Kowannenku ya karanta shi da ƙarfi sau ɗaya kafin ya je ya karɓi gonar da za a ba shi aro.